Adireshin aro: yadda za ka sa ekstenda ta yi aiki da jerin izinin rauta

Matsalar takan zo da fuska ɗaya. Kalmar sirrin Wi-Fi ta bazu, wannan ya ba wancan, wancan ya nuna wa abokinsa lambar QR ya ɗauka, data ta ƙare wata bai raba ba. Sai mai gida ko mai shago ya shiga shafin rauta, ya rubuta adireshin MAC (lambar da rauta ke gane kowace na'ura da ita) na wayoyin da ya yarda da su, ya kunna tsarin da ke cewa duk wanda ba ya cikin jerin kada ya shiga. A kusa da rauta komai lafiya lau. Amma can sashen baya, inda aka soka na'urar ƙara zango a soket don sabis ya ratsa katanga, wayar da aka riga aka rubuta a jerin sai ta nuna sandunan Wi-Fi cike, intanet kuwa ko ɗigo babu. Wani lokaci ta tsaya tana ta juyi a kan "Obtaining IP address", wani lokaci ta rubuta "Connected, no internet". In kwamfuta ce, ka duba adireshin IP ɗinta, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura in ta shigo, ka tarar ya fara da 169.254, alamar ta roƙi rauta ta ba ta adireshi, ba a amsa mata ba, ta ƙirƙiro wa kanta.

A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa na'urar ta lalace, su mayar wa wanda ya sayar musu. Lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne, idan waya ta bi ta na'urar ƙara zango, wadda a kasuwa ake kira ekstenda ko rifita, rauta ba ta ganinta da adireshin da ka rubuta. Wani adireshi na aro take gani, wanda ekstendar ta laƙaba wa wayar. Rauta kamar mai gadi ce da aka miƙa wa takardar lambobin motocin da za su shiga gida, ba ruwanta da fuskar direba, ekstenda kuwa tana sauya wa kowace mota lamba kafin ta iso bakin ƙofa. Gyaran duka a wuri ɗaya yake: ka daina kwafo adireshi daga jikin waya, ka kwafo shi daga abin da rauta ke gani da idonta, a lokacin da wayar take daidai inda za a riƙa amfani da ita.

Me ya sa ekstenda ke sauya adireshi

Adireshin MAC lamba ce mai gaɓa 6, kowace gaɓa haruffa biyu, ana rubuta su da 0 zuwa 9 da A zuwa F, kamar haka: A4:50:46:17:9E:42. Gaɓa uku na farko hukumar IEEE ce ke ba kamfanin da ya ƙera na'urar, uku na ƙarshe kuma kamfanin ne ke raba wa kayansa ɗaya bayan ɗaya.

Ekstenda ba don son ranta take taɓa wannan lamba ba, tsarin Wi-Fi ne ya tilasta mata. Kowane ƙunshin bayani da na'ura ke aika wa rauta ta iska yana da gurbin adireshi uku: na mai karɓa, wato rauta, da na mai aikawa, da na inda saƙon zai dire. Babu gurbin da za a rubuta cewa saƙon nan na wance ne, ni dai isarwa nake yi. Mai aikawa da mai saƙo dole su zama mutum ɗaya. Ita kuwa ekstenda, a wajen rauta, ba ta da bambanci da kowace waya da ta shigo da kalmar sirri. To ga ta da wayoyi biyar a bayanta, kowacce na son amsarta ta dawo mata. Ƙa'idar Wi-Fi, mai suna 802.11, ta tanadi gurbi na huɗu domin irin wannan hali, shi ne abin da ake kira WDS, amma ba ta fayyace yadda za a yi amfani da shi ba, sai kowane kamfani ya yi nasa. Shi ya sa WDS ɗin wannan kamfani sau da yawa ba ya jituwa da na wancan. Ekstendar da aka ƙera don ta yi aiki da kowace irin rauta ba za ta dogara da shi ba, dole ta nemi dabara.

Dabara ta farko, wadda ita ce ta fi jawo ciwon kai, ita ce a ƙirƙiro wa kowace waya adireshin aro, ekstenda ta gabatar da kanta ga rauta da wannan adireshi a madadin wayar. A yawancin irin waɗannan na'urori ana barin gaɓa uku na ƙarshe yadda suke, a sauya na farkon. A ekstendoji da dama na Netgear, alal misali, farkon yakan koma 02:0F:B5, wayar mai adireshin da muka kawo misali ɗazu sai ta bayyana a rauta a matsayin 02:0F:B5:17:9E:42. Wasu kamfanonin da nasu salon, amma wutsiyar ita ce abin bi.

Dabara ta biyu ita ce ekstenda ta rufe kowa da adireshinta ɗaya, ta riƙa tantance wa ke da wane saƙo ta hanyar adireshin IP. A nan rauta za ta ga adireshin MAC ɗaya yana riƙe da IP huɗu ko biyar. Sai kuma hali na uku, inda ake amfani da gurbi na huɗun da gaske, kamar a na'urorin mesh, wato rauta da mataimakanta da aka ƙera su yi aiki tare, na kamfani ɗaya ko masu bin ƙa'idar EasyMesh, a nan adireshin waya yana isa rauta ba tare da an taɓa shi ba.

Akwai wata alama da ya kamata ka riƙe, domin za ta taimake ka a duk tsawon aikin. Dubi harafi na biyu na adireshi. In ka ga 2, 6, A ko E, to a ƙa'ida wannan adireshi ba daga masana'anta ya fito ba, wata manhaja ce ta ƙirƙiro shi. 02:0F:B5 ya faɗa cikin wannan rukuni. A4:50:46 bai faɗa ba, domin harafinsa na biyu 4 ne.

Fara da tsayar da adireshin wayoyin

Kafin ka taɓa rauta, akwai mai sauya adireshi na biyu da dole ka shawo kansa, wato ita kanta wayar. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi ba sa nuna adireshinsu na asali ga Wi-Fi sai an ce su nuna. Kowane sunan Wi-Fi suna ƙirƙiro masa adireshi na daban, don kada a riƙa bin sawun mai waya daga wuri zuwa wuri. Tsari ne mai kyau a otal ko filin jirgi. A gidanka kuwa shi ne ke ninka aikin: in sunan rauta "Gida" ne, na ekstenda kuma "Gida_EXT", wayar za ta yi wa kowanne adireshi daban, sannan ekstenda ta ɗauki na biyun ta sake sauya masa kai. Adireshin da ke cikin "About phone", wanda yawancin mutane ke kwafowa, ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan.

Saboda haka ka ɗauki wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A Android, ko Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, shiga saitin Wi-Fi, taɓa sunan Wi-Fi ɗin gidan ko alamar saiti da ke gefensa, nemi inda aka rubuta "Privacy" ko "MAC address type", ka zaɓi "Use device MAC" ko "Phone MAC". A iPhone taɓa ƙaramar alamar i da ke gefen sunan, ka nemi "Private Wi-Fi Address". A iOS 18 zaɓi uku ne: "Off", "Fixed" da "Rotating". Na ƙarshen yana sauya adireshi duk bayan mako biyu, ba zai taɓa zama lafiya da jerin izini ba. A Windows sunan abin "Random hardware addresses", yana cikin saitin Wi-Fi, kuma umarnin getmac /v zai nuna maka adireshin da kwamfutar ke amfani da shi.

Wannan saiti na kowane sunan Wi-Fi ne shi kaɗai, don haka dole ka yi shi sau biyu in sunan ekstenda ya bambanta da na rauta, sau uku ko huɗu in akwai sunaye daban na zangon rediyon Wi-Fi biyu, wato na 2.4 da na 5 GHz. Kuma kashe shi a gida ba ya shafar sirrin mai wayar a waje. Gaskiya ne cewa adireshin ƙirƙira wanda ba ya juyawa ma zai yi aiki da jerin izini, amma ni na fi son a koma na asali a gida, saboda dalili biyu. Wutsiyarsa za ta zama ɗaya ko ta ina wayar ta shigo, ka gane ta da kallo ɗaya. Sannan ba zai sauya ba ranar da aka goge saitin netwok na wayar ko aka mayar da ita yadda ta fito daga kwali, sai dai a sake zaɓar sa kawai.

Ɗauki takarda da biro, ka ja layi huɗu: sunan mai na'ura, adireshin asali, adireshin da rauta ke gani kai tsaye, da wanda take gani ta ekstenda. Cike layi biyu na farko yanzu. Kada ka raina wannan takarda. Jerin rauta cike yake da sunaye irin su "android-7f3c" da "Unknown", bayan wata uku ba za ka tuna wanne ne na wa ba.

Kare kanka daga kulle kanka a waje

In da hali, haɗa kwamfuta da rauta da kebul, ka yi duk aikin daga nan. Buɗe burauza ka shiga shafin rauta. Adireshinsa yana rubuce a ƙasan na'urar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a rautocin Huawei masu cin layin waya kuma 192.168.8.1. Nemi wajen ajiye saiti, yakan kasance ƙarƙashin "System Tools" ko "Administration" da sunan "Backup", ka sauke fayil ɗin. In babu kebul, to na'urar da kake aiki da ita ta zauna kusa da rauta, ta shiga da sunan rauta ba na ekstenda ba, kuma adireshinta ya zama na farko a jerin. Wanda ya kunna jerin izini bai saka kansa ba, in ba shi da kebul ko wata na'urar da ke cikin jerin, ba shi da mafita sai ya danna ƙaramin ramin "Reset" da tsinke, ya rasa duk abin da aka saita.

Duba kuma irin shingen da rautarka ke da shi, domin iri biyu ne, kuma bambancinsu zai yi tasiri nan gaba. Akwai "Wireless MAC Filtering", wanda ke tsayawa a ƙofar Wi-Fi kawai, ba ruwansa da wanda ya shigo ta kebul. Akwai kuma "Access Control", wanda a rautoci da yawa yake hawa kan kowa, na iska da na kebul. Wasu rautocin duka biyun gare su.

Aikin kansa

Kashe shingen gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ba goge jerin za ka yi ba, kashe makunninsa kawai. In kana tsoron maƙwabta za su kutso a wannan tsakanin, sauya kalmar sirri tukuna, amma ka tuna sai ka sake haɗa ekstenda da sabuwar.

Kunna ekstenda a wurin da za ta zauna, ka jira fitilarta ta nuna ta kama rauta. Kada kowa ya hau ta tukuna. Koma shafin rauta, buɗe jerin waɗanda ke haɗe, wanda ake kira "Attached Devices", "Client List" ko "Connected Devices", ka sabunta shafin. Duk sabon abin da ya bayyana, ekstenda ce. Nan ma akwai tarko: adireshin da ke manne a jikin ekstenda ba lallai ne ya zama wanda take gaida rauta da shi ba. Na'urar tana da adireshi fiye da ɗaya, na fuskar da ke kallon wayoyi daban, na fuskar da ke kallon rauta daban, sau da yawa harafi ɗaya ko biyu ne ya raba su. In mai zango biyu ce, kana iya ganin layi biyu, na 2.4 da na 5 GHz. Rubuta duka. In aka bar ɗaya daga cikinsu a waje, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ekstenda ta nemi shiga ta wancan zangon, sai a hana ta, duk sashen baya ya mutu.

Yanzu ɗauki waya ɗaya tak ka tafi da ita kusa da ekstenda. Tabbatar ta ekstendar ta shiga. In sunayen sun bambanta abin da sauƙi. In suna ɗaya ne, kashe Wi-Fi ɗin wayar ka sake kunnawa kana tsaye a gindin ekstenda, sannan ka duba shafin ita ekstendar ka ga ko wayar ta fito a jerinta. Shafin TP-Link ana shigarsa da tplinkrepeater.net, na Netgear da mywifiext.net, kuma sai kana haɗe da ekstendar suke buɗewa. Buɗe kowane shafin intanet a wayar don ta motsa, ka dawo jerin rauta ka sabunta.

Abin da ka gani a nan shi zai gaya maka irin na'urar da ke hannunka. In sabon layi ya fito, wutsiyarsa iri ɗaya da ta wayar amma kansa daban, to mai adireshin aro ce, rubuta shi a layi na huɗu na takardarka. In adireshin wayar ya fito cif yadda yake, ka huta, ba ka da wannan matsala. In kuwa babu sabon adireshi, sai dai na ekstenda ya ƙara wani IP ko sunansa ya koma na wayar, to mai rufe kowa da adireshi ɗaya ce, tsallake zuwa sashe na gaba.

Wasu rautocin suna da jeri biyu, na masu haɗe da Wi-Fi da na waɗanda DHCP, wato ɓangaren rauta mai raba IP, ya ba IP, kuma kana iya tarar da waya ɗaya da adireshin aro a na farko, da na asali a na biyu. Ba kuskure ba ne, ya danganta da ko ekstendar tana sauya adireshin da ke cikin takardar neman IP ko ba ta sauyawa. Don shingen Wi-Fi, na jerin Wi-Fi ne abin dogaro. In kana shakka, saka duka biyun.

Maimaita haka da kowace na'ura, ɗaya bayan ɗaya. Na san jarabar a haɗa su duka lokaci guda a gama, amma a nan ne ake rikicewa. Kada ka manta da abin da ba ya hannun mutane: talabijin, dikoda, firinta, kyamarar tsaro. Har wanda aka soka da kebul a ramin da ke jikin ekstenda yana ciki, domin shi ma ta iska yake ƙarasawa rauta, kuma ana sauya masa adireshi kamar kowa. In ekstenda tana haɗe da rauta ta zango biyu, gwada kowace waya a duka biyun, saboda a wasu na'urorin adireshin aro na 2.4 ba ɗaya yake da na 5 ba.

In takarda ta cika, shigar da adireshin cikin jerin izini. Wayar da ke yawo tsakanin falo da sashen baya tana buƙatar aƙalla layi biyu, na kai tsaye da na aro. Talabijin da ba ya motsi layi ɗaya ya ishe shi. Wannan lissafi yana da amfani domin jerin yana da iyaka, wasu rautocin 16 suke ɗauka, wasu 32, kuma gida mai mutum goma yana iya cike shi ba a ankara ba. Ba wa kowane layi suna mai ma'ana, kamar "Hajiya falo" da "Hajiya baya". Yawancin rautoci suna barin ka zaɓi na'ura daga jerin masu haɗe ka danna a saka ta, wannan ya fi bugawa da hannu, inda 8 da B ko 0 da D ke yawan shige wa mutum.

Tabbatar tsarin yana kan "Allow" ko "Whitelist", ba kan kishiyarsa ba, sannan ka kunna shingen ka ajiye. Gwaji na gaskiya shi ne ka kashe rauta da ekstenda duka, ka kunna rauta, ka ba ta minti biyu, ka kunna ekstenda. Haɗin da aka riga aka ƙulla yana iya ci gaba da aiki ko da adireshin ba ya cikin jeri, sai an yanke an sake ƙullawa gaskiya ke fitowa. Bayan nan ka zaga da kowace waya gaba da baya. A ƙarshe ari wayar da ba ta cikin jerin, saka mata kalmar sirri daidai, ka gwada ta a wajen rauta da wajen ekstenda. Dole a hana ta a duka biyun.

In ekstendar mai adireshi ɗaya ce

Wannan hali ya fi haɗari domin ba ya nuna alama. Da zarar ka saka adireshin ekstenda a jerin izini, duk wanda ya bi ta bayanta ya shige, ko kana son sa ko ba ka so. Kai kana ganin ka kulle gida, alhali ƙofar baya a buɗe take. Rauta ba ta da abin da za ta iya yi, tunda mutum ɗaya take gani. Shingen dole ya koma kan ekstendar: shiga shafinta, nemi nata "Access Control", ka rubuta adireshin wayoyin yadda suke a wayar, domin a wannan fuskar ba a sauya komai ba tukuna. Wato jeri biyu za ka riƙa kula da su, na rauta da na ekstenda. In ekstendar ba ta da wannan saiti, to babu shinge a wannan ɓangare sai kalmar sirri.



Kyamara, firinta da lokacin yara

Ba jerin izini kaɗai ke dogara da adireshin MAC ba. Keɓe wa na'ura IP na dindindin, ƙayyade mata gudu, da tsarin da ke yanke wa yara intanet da ƙarfe goma na dare, duk a kansa suke zaune. Uba ya saka dokar dare a kan adireshin wayar ɗansa, yaron ya koma ɗakin baya ya hau ekstenda, dokar ba ta san shi ba. Maganin shi ne a ɗora dokar a kan layukan wayar duka biyu.

Kyamara da firinta kuwa, tunda ba sa yawo, ka keɓe musu IP da adireshin da ya fito a jerin DHCP na rauta, sannan ka kashe su ka kunna ka ga ko sun karɓi IP ɗin da ka keɓe. In sun ƙi, bar wannan hanya, ka rubuta musu IP a jikinsu da hannu, wanda ke wajen kewayon da rauta ke rabawa. In tana rabawa daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199, ba kyamara 192.168.0.50. Wannan ba ruwansa da wane adireshi ekstenda ta ara mata.

Jerin hani ba ya riƙe kowa

Mutane da yawa sun fi son jerin hani, wato a bar kowa ya shiga a toshe wanda ba a so, saboda danna "Block" sau ɗaya ne. Inda akwai ekstenda, wanda ka toshe zai matsa kusa da ita ne kawai ya dawo da sabon adireshi. Ko babu ekstenda ma, saitin nan na waya da muka kashe ɗazu ya ishe shi ya sauya kama cikin daƙiƙa goma. Kada ka ɓata lokacinka a kai.

Shi ma jerin izinin, a san iyakarsa. Adireshin MAC a fili yake tafiya a iska ko da an kulle Wi-Fi da WPA2 ko WPA3, domin abin da ke cikin saƙo ake ɓoyewa, ba adireshin da ke kansa ba. Wanda ya san aikin zai iya ganin adireshin da aka yarda da shi ya ɗora wa na'urarsa. Amfanin jerin shi ne tsayar da wanda aka miƙa wa kalmar sirri a bayan idonka, kuma a wannan yana aiki sosai. Amma ya zauna a kan kalmar sirri doguwa, da WPS, wato maɓallin haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, a kashe a rauta da ekstenda bayan an gama haɗa su, da sabuwar kalmar shiga shafin kowaccensu maimakon "admin" da suka zo da ita. Baƙi kuma a buɗe musu "Guest Network" mai kalmarsa daban da za a iya sauyawa kowane mako ba tare da an taɓa ta 'yan gida ba. A duba dai ko shingen rautar yana hawa kan wannan ɓangare, domin a wasu yana hawa, a wasu ba ya hawa.

In za ka iya jan kebul, ja

Duk wannan wahala daga wuri ɗaya ta taso, wato haɗin iska tsakanin ekstenda da rauta. Cire shi, adireshin aro ya tafi. Ekstendoji da yawa masu ramin kebul suna da zaɓin "Access Point" a shafinsu ko a wani maɓalli a gefe. Ka ja kebul na Cat5e ko Cat6 daga ramin LAN na rauta zuwa ekstenda, yana kaiwa mita 100 ba tare da matsala ba, ka juya ta zuwa wannan yanayi. Daga nan kowace waya za ta isa rauta da adireshinta, layi ɗaya ga kowa. Gudu ma zai ƙaru, domin ekstenda mai rediyo ɗaya tana raba lokacinta tsakanin sauraro da maimaitawa, abin da ke cinye kusan rabin gudun. A gida mai katangar bulo da sassa da yawa, kuɗin kebul da na mai jan sa ba su kai darajar sauƙin da za a samu ba. In kebul ɗin zai bi ta waje, a saka shi cikin bututu saboda rana da ruwa.

Sai dai ka tuna bambancin shinge biyun nan. A wajen rauta, duk wanda ya zo ta wannan hanya ta kebul ya shigo, don haka "Wireless MAC Filtering" ba zai gan shi ba sam. Dole ka yi amfani da "Access Control" mai hawa kan kowa, ko ka kafa jerin a kan ekstendar. Bayan ka juya ta, goge tsofaffin adireshin aro daga jerin rauta don gurabe su samu, ka saka adireshin da ekstendar ta bayyana da shi ta kebul, sannan ka sake gwajin baƙuwar waya a sashen baya.